Kawu Tanko da Dutsen da Bai Amsa Ba

Duk wanda ya taɓa kawo wa Kawu Tanko shayi ya san ba a zuba masa kai tsaye. Da ka karkata buta zai ɗaga maka hannu. Sai ya lalubi aljihu, ya wuce carbi, ya wuce goro, ya zaro guntun itacen nan nasa, tsohuwar ƙotar guduma da tafin hannu ya goge har tana sheƙi. Ya ɗan ƙwanƙwasa kofin, ya karkata kai kamar kazar da ta ji motsin shaho. In kofin ya ce tiiin, sai ya ce, “Zuba.” In kuwa ya ce tub, sai ya dubi mai gida da tausayi ya ce, “Wannan ya rasu, ba a dai sanar da ku ba ne.”

Ku da kuka zauna da shi a nan Zangon Kwatano, na san yanzu haka kuna murmushi. Ga wanda bai san ni ba, ni ce Dije mai koko, ’yar ƙanwarsa. A gidansa na zauna da ’ya’yana uku tun lokacin da mahaifinsu ya rasu a hanyar fataucin shanu, kuma ban bar gidan ba har yau. Autana Ilu ne ya matsa in rubuta wani abu a kan Kawu a karanta wurin sadakar shekara, wai tunda ni ce na yi ajin yaƙi da jahilci kada karatun ya tafi a banza. Na ce to. Ai ko bai roƙa ba ya kamata in yi, don idanu biyun da Ilu yake kallona da su, da hancinsa da yake nan inda Allah ya dasa shi, bayan ikon Allah, wannan guntun itace ne sanadinsu. Zan zo kan wannan, ku yi mini haƙuri, ni ba mai sauri ba ce ko a tafiya.

Sana’ar Kawu washi ce. Wuƙar mahauta, adda, almakashin tela, askar wanzami, gatarin masu faskare, duk abin da ya dakushe a Zango rumfarsa yake kwana. Ya zo garin nan yana saurayi a bayan garken shanu, ya ga teku ya ce ya iso ƙarshen duniya, ba inda za shi kuma. Ya yi shekaru yana shara a wani gidan gyaran ƙarfe a unguwar Ganhi, a can wani tsohon makaniki mai ido ɗaya ya koya masa cewa dutsen injin washi yakan tsage a ciki ba a gani a waje, kuma in ya ɗau gudu da tsagar nan sai ya tarwatse kamar harsashi. Maganin abin shi ne a rataye dutsen a yatsa, a ƙwanƙwasa da itace, a saurara. Lafiyayye yana amsawa, mai tsaga ba ya amsawa. Kawu ya ce bai tambayi tsohon ina ɗaya idon ya tafi ba, don amsar tana fuskarsa.

“A tambayi dutse kafin a ba shi fuska,” haka yakan ce. Matsalar dai ita ce Kawu bai tsaya kan dutse ba.

Ranar da aka kai babbar ’yata ɗakin miji, gwaggon ango ta kawo gudummawar wata ƙatuwar randa, an yi mata zane, mata sai guɗa suke. Sai ga Kawu ya leƙo wai zai sa albarka. Na ga hannunsa ya nufi aljihu, na ce a raina, shi ke nan, yau mun shiga uku.

Tub.

“Hajiya, ina kika samo ta?”

“A kasuwar Tokpa mana, sabuwa fil! Ko wani abu ne?”

“A’a, ba komai. A Tokpa ta rasu ke nan. Allah ya ba da haƙuri.”

Matar nan ta sa aka cika randar da ruwa a gaban kowa don ta kunyata shi. Kafin a gama rabon abinci tabarmar amarya tana iyo. Shekara guda ba ta amsa gaisuwarsa ba. A shekara ta biyu kuwa, in za ta sayi tukunya, sai ta biyo ta ƙofarmu ta ce, “Dije, tsohon nan naku yana da aiki yau? Ina so ya raka ni kasuwa.”

Injinansa uku ne a lokacin, kuma ba wanda ya saya sabo. Ya ce sabon abu bai san wahala ba, ba ya jin magana. Kowanne da sunansa. Akwai Hajiya, baƙa, mai nauyi, ta juyawa da hannu, wadda ya tsinto a bolar Ganhi haƙoranta sun cije da tsatsa. Akwai Madam, ’yar ƙarama mai aiki da lantarki, daga gidan wata Baturiya a unguwar Kajehun da ta tattara ta koma ƙasarsu. Madam kam sai an lallaɓa ta, in wuta ta yi rauni kaɗan sai ta hau gunaguni ta ƙi juyawa. Sai Ɗan Ruwa.

Ɗan Ruwa a unguwar Abotru ya gan shi, a bakin tafki. Wani masunci ne ya ɗaure shi da igiya yana jefawa ruwa don ya tsayar da kwalekwalensa. Kawu ya tsaya ya dafe ƙirji kamar ya ga ana dukan maraya. Ba ya jin yaren mutumin, mutumin ba ya jin Hausa, amma da hannu da ka suka daidaita: Kawu ya nemo masa ƙaton dutse ya ɗaura a madadin, ya kuma wasa masa adda biyu. Ya ɗoro abin nan a ka tun daga can har Zango, ruwa mai wari yana bin wuyan rigarsa.

Na ce, “Kawu, wannan ai gawa ce.”

Ya ce, “Ƙarfe ba ya mutuwa, Dije, fushi yake yi. Miƙo mini ruwan tsaminki.”

Nan ne ni ma na shiga sana’ar ba da sona ba. Kawu ya gano cewa ruwan tsamin da nake tacewa daga gasara yana cin tsatsa. Ga iskar tekun garin nan, ko allura ka ajiye sai ta yi ja, don haka kullum ƙwaryata ɗaya tana rumfarsa cike da ƙusoshi da notuna suna jiƙa. Wata biyu ya yi a kan Ɗan Ruwa. Ya kwance shi gaɓa-gaɓa, ya jera a tabarma, ya kankare da yashi da tsumma, ya shafa baƙin mai da ya roƙo a garejin motoci, ya yanko bel daga tsohuwar tayar keke, ya haɗa shi da injin wani famfon ruwa da aka yar. Komai ya kammala sai noti ɗaya ƙarami da ya ɓata. Kwana uku yana rarrafe a tsakar gida yana tankaɗe yashi da rariyata, ya hana kowa shara.

Ran na huɗu da safe, Alhaji Mudi dillalin shanu yana shan koko a bencina, mutum mai ji da kansa, ya kai ludayi baki sai muka ji ƙaras. Ya tofo abu a tafin hannu. Yadda aka yi notin nan ya baro ƙwarya ya shiga tukunyata, har gobe ban sani ba. Ni dai na daskare da ludayi a hannu, ina neman ƙasa ta tsage.

Kawu ya taso da gudu ya karɓe. “Alhamdu lillahi! Alhaji, Allah ya yi maka albarka, kai ne ka tsinto shi!”

“Tanko, haƙorina fa! Haƙorina!”

“Haƙori talatin da biyu gare ka, Alhaji. Wannan kuwa shi kaɗai ne a duk ƙasar Dahome.”

Ya juya notin a rana, ya ga ya yi fes, ya ce da ni, “Kin gani? Dafawar ma ta ƙara masa kyau.”

Bayan ƙwanƙwasa, dokarsa ta biyu ita ce tsayawa gefe. In aka kunna injin lantarki, ba mai tsayawa a gaban dutse sai ya yi gudu shi kaɗai na ɗan lokaci, don in zai fashe, a farkon gudun yake fashewa. Kawu ba shi da agogo, ya ce agogo na masu jiran jirgi ne. Ma’auninsa Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya. Ko da kuwa dutsen jiya ya yi aiki da shi lafiya, yau sai an sake.

Wata rana wani mahauci, Ɗan’iya, ya shigo a guje da wuƙa, gumi na zuba. “Baba, don Allah yi sauri, an kayar da sa an ɗaure, ni kaɗai ake jira!”

Kawu ya kunna Madam, ya ja shi gefe, ya fara karatu yana lanƙwasa yatsu. Ɗan’iya yana ta tattaka ƙasa kamar mai jin fitsari. Da aka kai ta tara ya kasa daurewa.

“Haba Baba, ai ya isa haka!”

Kawu ya buɗe ido a hankali. “Ka ga, ka ɓatar mini da ƙidaya.” Ya miƙe yatsunsa duka. “Bismillahir rahmanir rahim...”

Daga ranar, in kun lura, duk mahautan Zango sun haddace yin shiru.

To, sai zamanin juyin juya hali ya zo. Aka sauya wa ƙasa suna, aka sauya tuta, kowa ya zama kamarad, daga mai gadi har mai babbar kujera. Ranar Asabar a fito sharar titi, a ɗaga hannu a yi kirari. Mu mata aka buɗe mana aji da yamma, a nan na koyi riƙe fensir, kuma ba zan yi butulci ba, na gode. Unguwa ta sami delege, wato wakilin hukuma, kuma ba wani ba ne illa Mamman ɗan Ladidi mai ƙosai, ya sami riga mai aljihu huɗu da jakar takardu.

Ya zo rumfa ya ce, “Sannu da aiki, Kamarad Tanko.”

Kawu bai ɗago ba. “Mamman, ni na riƙe ƙafafunka ranar kaciya. Ihun da ka yi har bakin teku an ji. Tun yaushe muka zama sa’o’i?”

Ilu a lokacin yana da shekara ashirin. A gindin Hajiya ya tashi, hannunsa ya iya washi ƙwarai, amma zamanin ya shiga kansa. Tsakaninsa da Kawu dama wasan jika da kaka ne, sai abin ya fara yin tsami. Ya dawo daga taro ya ce injinan Kawu ragowar mulkin mallaka ne, ya ce ƙwanƙwasa dutse camfi ne, kimiyya ta wuce nan.

“Tsoho, duniya ta ci gaba ta bar ka da ruwan tsami.”

Kawu ya kira shi da hannu, ya zaro ƙota, ya ɗan taɓa masa goshi, ya kasa kunne. “Tub,” in ji shi. “Dije, ba kowa a gidan nan.”

Ana saura mako guda Babbar Sallah delege ya yi shela: an kafa kwafaratif ta masu washi, wato ƙungiyar aiki tare, kuma an samo mata sabon inji babba da ya zo ta jirgin ruwa. Za a buɗe shi ranar Alhamis a rumfar da ke bayan mahauta, a gaban baƙi, har da mai hoto daga Ganhi. Wanda zai fara wasa wuƙa a kansa, matashin juyin juya hali, Kamarad Ilyasu. Ɗana ya yi kwana biyu ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ran Laraba da la’asar ina wanke gero ya zo ya tsuguna kusa da ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Yana ta wasa da tsinke a yashi.

“Inna, in gaya miki wata magana, amma kada Tsoho ya ji.”

“Ina jin ka.”

“Dutsen injin nan, ni na turo shi a kura daga ofis. Wajen tsallake kwalbati ya zame ya faɗi a kan siminti. Amma wallahi ko ƙwarzane bai yi ba, na duba ko’ina.”

“Ka gaya wa Mamman?”

“Inna! Cewa za a yi zagon ƙasa na yi. Kin san inda ake kai masu zagon ƙasa.”

Na sani. A shekarun nan, kalma ɗaya takan ɗauke mutum daga gidansa, a daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Na dubi fuskar yaron nan, na tuna tsohon makanikin Ganhi da ban taɓa gani ba. Ban yi masa alkawarin komai ba, kuma ya yi sakaci bai nema ba. Yana fita na tsame hannu daga gero na nufi rumfa.

Kawu ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya ce, “Faɗuwar ta tsaya tsakaninmu, ba mai jin ta a bakina. Gobe ki sa mayafinki mai kyau. Ki ɗauko mini kujerata.”

Da hantsi muka isa. An share wuri, an ɗaura kyallaye, an jera benci. Injin yana kan teburin katako, kore shar, ya ninka Madam uku. An ma cire masa murfin da ke rufe dutse, wai don dutsen ya fito sosai a hoto. Dutsen kuwa yana gefe a kan jan ƙyalle, Ilu yana shirin ɗaurawa. Da ya gan mu tare ya gane, ya sunkuyar da kai.

Kawu ya yi sallama, ya wuce kai tsaye kamar an gayyace shi, ya zura yatsa a ramin dutsen ya ɗaga shi da ƙyar, ya zaro ƙota. Wurin ya yi tsit, don duk wanda ke nan ya san wannan itacen.

Tub.

Ya juya shi kaɗan ya sake. Tub. Ya sake juyawa. Tub.

“Mamman, wannan dutsen bai amsa ba.”

Delege ya dubi baƙin da suka zo daga ofis, su uku da tabarau, ya dubi Kawu. “Kamarad, wannan sabon kaya ne, daga ƙasar da ta fi mu ilmi. Da takardarsa da hatiminsa.”

“To ƙwanƙwasa takardar mu ji.”

Wasu mahauta suka tuntsire, suka yi saurin mayar da ita tari. Fuskar Mamman ta haɗe. Ya matso ya rage murya, amma ina kusa, na ji. “Baba, don girman Allah ka rufa mini asiri. Mutanen nan rubutawa suke yi. In ka hana taron nan, ni da kai duka ba za mu yi Sallah a gida ba.” Sai ya ɗaga murya: “Kamarad Ilyasu, ɗaura dutse!”

Ilu ya ɗaura. Ya ɗauki wuƙar da aka tanada, ya zo zai tsaya a gaba. Ni kuwa ko salati na kasa ƙarasawa.

Sai Kawu ya karɓi kujerarsa daga hannuna, ya ture Ilu da kafaɗa, ya dasa ta daidai gaban dutsen, ya zauna, ya gyara hula, ya kawo fuskarsa kusa har hancinsa na neman taɓawa.

“To, kunna.”

“Tsoho, tashi mana!”

“Ba inda za ni. In dutsen lafiya yake, me na rasa? In kuwa ba lafiya ba, tawa fuskar ta riga ta gama aiki, ba mai neman aure da ita. Kunna, Kamarad. Mai hoto, ka shirya?”

Mai hoto ya sauke na’urarsa. Ɗaya daga masu tabarau ya buɗe littafi. Mamman yana gumi har aljihunsa huɗu sun jiƙe. Ba zai iya sa a ɗauke tsoho da ƙarfi a gaban duk Zango ba, ba zai iya kunnawa ba, ba zai kuma iya cewa an fasa ba. Na ga in aka ƙara minti ɗaya a haka, wani zai faɗi kalmar da ba ta komawa baki.

Ni ba mai magana a taron maza ba ce, kun sani. Amma na ji muryata ta fito, ’yar ƙarama.

“Kamarad Delege, a gafarce ni. A ajinmu an koya mana ba a fara aikin jama’a sai an yi kirari. Ina ganin injin nan ma baƙo ne, ya cancanci a tarbe shi. Me zai hana a kunna shi ya yi gudu shi kaɗai, mu duka mu koma gefe mu yi sahu, mu ɗaga hannu mu yi masa kirari?”

Mamman ya kalle ni kamar wanda ke nutsewa ya ga gora. “Madalla da Kamarad Dije! Kun ji amfanin ilmi! Sau nawa za a yi?”

Na ce, “Ko sau goma sha ɗaya.”

Kawu ya ɗago ya dube ni ta wutsiyar ido. Ya miƙe yana riƙe ƙugu. “In don kirari ne, ba na hana zamani.” Ya bar kujerar a wurin, ya bi mutane yana kora su gefe kamar awaki, har masu tabarau, har wata mai tallan lemo da ta tsaya ta baya. Ilu ya miƙa hannu daga gefe ya danna.

Injin ya ɗau kuka. Delege ya ɗaga hannu ya ja baki, jama’a suka amsa. Kawu yana kusa da ni, hannunsa a ƙasa, leɓensa na motsi, yana lanƙwasa yatsu. Ni kuma na riƙe gefen rigar Ilu kamar ranar da na fara kai shi makarantar allo. Ɗaya. Biyu. Uku. A na biyar har na fara jin kunya, na ce ko dai kunnen tsoho ya fara tsufa. Shida.

A na bakwai muka ji kamar an harba bindiga a cikin tukunya.

Ban ga komai ba sai ƙura da mutane a ƙasa. Kwanon rumfa ya huje, rana ta leƙo ta ramin. Kujerar Kawu ta kife can gefe. Wani ɓangaren dutsen, kamar rabin faranti, ya tsallake fili ya nutse a jikin mangwaron da ke gaban rumfar. Injin yana ta kuka da sandarsa tsirara har Ilu ya lallaɓa ya kashe. Aka duba, aka sake dubawa. Ba wanda ko ƙwarzane ya samu, sai ɗaya mai tabarau da ya faɗa kwandon lemo.

Daga baya, da mutane suka watse, na ja Ilu na tsayar da shi jikin mangwaron nan. Dutsen yana daidai girarsa. Na zauna a ƙasa da mayafina mai kyau, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar ubansa, ina yi ina dariya, har mai lemo ta kawo mini ruwa.

Amma kafin nan, ku ji abin da ya faru. Mamman ne ya fara tashi, ya kakkaɓe riga, ya share murya ya ce, “Kamarad! Kun ga abin da ake kira sa idon talakawa! Kwamitinmu ya hango haɗari, ya ɗau mataki!” Mai littafi ya rubuta. Aka tafa.

Kawu kuwa ko kallonsu bai yi ba. Yana tsugune yana tsince gutsattsarin dutsen yana zubawa a hularsa.

“Kai, ɗaga ƙafarka! Kada wanda ya zubar mini da ko ɗaya. Wannan dutse ne mai kyau, hawa inji ne bai dace da shi ba. Wanzamai za su yi murna.”

Har na jikin mangwaro sai da ya dawo da guduma ya ciro. Shi ne wanda ke bakin murhuna yanzu, da shi nake wasa wuƙar yanka albasa.

Wuƙaƙen layyar shekarar kaf gidanmu suka dawo. Kwana uku Ilu yana juya Hajiya har tafinsa ya yi ƙanta, bai ce uffan ba a kan mulkin mallaka. Mamman ma ya zo da tasa wuƙar a naɗe cikin jarida, ya ce, “Ina wuni, Baba,” kuma da aka kunna Madam ba wanda ya ce masa ya koma gefe, da kansa ya koma. Bayan wata biyu aka kawo koren injin rumfarmu wai a ajiye, ba a sake tambayarsa ba. Kawu ya mayar masa da murfinsa, ya ɗaura masa tsohon dutse mai amsawa, ya raɗa masa suna Kamarad.

“Ƙara ta fi aikin yawa,” in ji shi, “amma in an sa masa murfi, ana zama lafiya da shi.”

Ciwon da ya tafi da shi bara a ƙirji ya kama shi. Da ƙyar muka kai shi asibiti, ni da Ilu. Likita, wani saurayi mai natsuwa, ya ɗage masa riga, ya ɗora yatsu a bayansa ya fara ƙwanƙwasawa yana saurare. Sai na ga fuskar Kawu ta washe kamar an yi masa albishir da Makka.

“Dije! Ashe ɗan sana’a ne! Wa ya koya maka, yaro? Sake nan, ƙasa kaɗan.”

Likita ya sake. Sai ya dube ni.

“Kada ka wahalar da kanka,” in ji Kawu. “Na ji da kunnena.”

Da muka dawo gida ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, tsakanin Hajiya da Ɗan Ruwa. Ya kira Ilu, wanda yanzu shi ma uban ’ya’ya ne, ya sa shi ya durƙusa. Ya zaro ƙotar da ƙyar, ya taɓa masa goshi, ya daɗe yana saurare.

“Af,” ya ce. “Ashe an dawo gidan.”

Ya danƙa masa ita a hannu. Kwana tara bayan nan, ranar Juma’a da hantsi, ya cika.

Yanzu in na ji tiiin daga rumfa da safe, nakan ɗaga kai in ce ko shi ne, sai in tuna. Ya Allah, bawanka Tanko ya yi rayuwarsa yana tsince abin da mutane suka yar yana wanke masa tsatsa, bai taɓa cewa wani abu ya lalace har ba ya gyaruwa ba. Ka karɓe shi haka, ka wanke shi, ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa. Ya sa fuskarsa a gaban ta ɗana, ka kare tasa fuskar daga wuta. Mu kuma da muka rage, ranar da za a tambaye mu, Allah ka sa mu amsa.